Ni Na Buɗe wa Saratu Ƙofofin Kwarbai

Ina gaishe ku duka, manya da yara, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Pasto, na gode da ka bar ni in tsaya nan. An ce min kada in wuce minti goma. Wanda ya faɗi haka bai san bakina ba, sai ku yi haƙuri tun yanzu.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rifkatu, an fi kirana Maman Bitrus. 'Yan zumuntar mata kuwa sun san na yi wata bakwai ban taka ƙofar nan ba. Duk wadda ta zo dubiya sai in ce mata ciwon ƙafa ne. Yau a gaban Allah nake tsaye, bari in faɗa muku gaskiya: ƙafata lafiyarta ƙalau. Mutum ɗaya ce ba na son gani, kuma benci ɗaya muke zama da ita.

Sai na faɗa muku sana'ata kafin ku gane abin da aka yi min. Ni dillaliyar ɗinkin babbar riga ce. Ba na ɗinki, ko maɓalli in na sa sai ya karkace. Aikina ƙafa ne da ido. In karɓi shadda a hannun 'yan kasuwa, in kai wa mai zane ya zana, in shiga da ita cikin birni, Kwarbai da Ƙofar Jatau, wurin matan da ba sa fita. Su zauna da allura wata ɗaya, wata biyu a kan riga ɗaya. In sun gama in kai wa masu bugu su buge ta ta yi sheƙi, sannan in mayar wa mai ita. Shekara ashirin da shida ina wannan zirga-zirgar daga Wusasa zuwa birni. Da ita na binne mijina, da ita Bitrus ya yi karatu.

Kada ku ɗauka don ke mace ce sai kawai ki yi sallama a ba ki aiki. A gidajen nan za a ba ki tabarma, a ba ki ruwa, a yi miki hira, amma shadda ba za ta shiga tsakaninku ba sai wata da suka yarda da ita ta kawo ki ta ce ta tsaya miki. Maigida ma sai an sanar da shi. Ni Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta tsaya min kafin ta rasu, kuma duk da haka sai da na shekara uku ana gwada ni da ƙananan ayyuka. Gida goma sha huɗu nake shiga. Babbar matan wata tsohuwa ce a Kwarbai da kowa ke ce wa Inna. In Inna ta ce e, duk sauran gidajen sun ce e. Ita Musulma, ni Kirista, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. 'Yar Wusasa take ce min, in na makara ta ce ko Pasto ne ya riƙe ni da wa'azi.

Sai korona ta zo. Ba sai na maimaita muku ba, duk mun sha. Aka rufe kasuwa, aka hana biki, Sallah ta zo ta wuce ba wanda ya ɗinka sabuwa. Wa zai sa riga mai aska takwas ya zauna a ɗaki yana kallon bango? Inna har dariya take yi tana cewa yanzu maza ma sun ɗanɗana zaman gida. Amma dariyar ba ta daɗe ba. 'Yan kasuwa suka janye shaddarsu, ɗan jarina ya tafi a tukunya, mata suka ajiye allura. Ko da aka buɗe gari, kasuwar ba ta dawo ba. Na shiga wani gida a Ƙofar Jatau na tarar matar da ta fi kowa hannu tana tsinkar zogale don a samu na dare.

A wannan lokacin ne na ja Saratu a jiki. Na faɗi sunanta ne don rabin ku kun riga kun sani, kuma na gaya mata zan faɗa. Malama ce a wata makarantar kuɗi, makarantar ta rufe, ga yara uku, mijinta ya rasu kamar nawa. Buhun masara ɗaya ya rage min. In na auna kwano nawa, sai in auna nata. Yaya take ce min. Yaranta a ɗakina suke cin tuwo. Ban faɗi wannan don a yabe ni ba, na faɗa ne don ku san inda wuƙar ta shiga.

Bayan abubuwa sun lafa, sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji, irin waɗanda ba na gwamnati ba, tana neman masu ƙananan sana'o'in da korona ta durƙusar don ta tashe su. Masu ɗinkin hannu za a ba su shadda da kuɗin zare, a duba musu ido a ba su tabarau, a kuma haɗa su da masu saye a Abuja. Da na ji, a tsakar gida na durƙusa na ce, Ubangiji ka tuna da mu. Matsala ɗaya: takardar da Turanci take, kuma a babbar waya ake cikewa. Ni a firamare na tsaya, wayata kuma 'yar mai tocila ce.

Saratu ta ce, "Yaya, wannan ai ba komai ba ne. Ki kai ni wurinsu in rubuta sunayensu, sauran ki bar min."

Na ɗauke ta a Keke Napep, da kuɗina, muka shiga birni. Na zaunar da ita gaban Inna na ce, "Inna, wannan ƙanwata ce. Abin da za ki ba ni ki ba ta, abin da za ki faɗa min ki faɗa mata."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "'Yar Wusasa, kin tsaya mata?"

Na ce, "Na tsaya mata."

Ta sake tambaya, na sake amsawa. Sau uku. Har na ji haushi a raina, na ce tsohuwar nan da son jan magana take.

Ranar Inna ta yi abin da ban taɓa gani ba. Takarda na neman sunan yanka, su kuwa tsofaffin nan ba a faɗin sunansu a fili. Ta jawo kan Saratu ta raɗa mata sunanta a kunne. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina cin tuwonta ban san sunan ba, har yau ban sani ba. Maganar hoto kuma mazajen suka ce ba za a ɗauki fuska ba, sai dai hannu riƙe da allura. Ni na bi zaure zaure ina roƙon wannan. Kwana huɗu muka yi, gida goma sha huɗu, kowane gida ina maimaita kalma ɗaya: na tsaya mata.

Daga nan sai shiru. In na tambaya ta ce, "Yaya, ba su kira ba tukuna." Wata ɗaya, wata biyu. Ranar Lahadi ta zauna kusa da ni, mu riƙe littafin waƙa ɗaya.

Wata Talata na ce bari in je in gaida Inna kawai. Ina shiga tsakar gida na ga shadda fara sol a jibge kan tabarma, mata shida zaune, kowace da sabon tabarau a fuska. Zuciyata ta yi fari, na buɗe baki zan yi guɗa. Sai na lura ba wadda ta ɗago kai. Ba wadda ta ce a kawo min ruwa.

Inna ta ce, "Rifkatu." Ba 'Yar Wusasa ba. "Nawa ake sayar da aska takwas a Abuja?"

Na ce, "Inna, ni ban taɓa zuwa Abuja ba."

Ta ce, "Ƙanwarki ta nuna mana a waya. Mu da muke tsiyayar da idonmu, ashe ko kashi ɗaya cikin goma ba ya zuwa hannunmu. Shekara nawa? Je ki, Allah ya isa tsakaninmu in haka ne."

'Yan'uwa, ban san yadda na fito daga lungun nan ba. Na tsinci kaina a bakin titi takalmina ɗaya a hannu.

Washegari na nemi ofishin ƙungiyar. Wata jami'arsu, Malama Zainab, ta karɓe ni da mutunci, ta duba na'urarta, ta fassara min abin da aka rubuta. Shugabar ƙungiyar mata masu ɗinki, wadda ta haɗa su: Saratu. Sunana yana ciki, amma a wurin da aka tambayi matsalar da matan ke fuskanta. An rubuta wai akwai wata dillaliya da ta daɗe tana cin guminsu, kuma tallafin zai raba su da ita. Malama Zainab na karantawa tana rage murya, don ta gane ni ce.

Na tare Saratu bayan sujada, a nan bakin rijiyar coci. Ko ido ba ta ƙifta ba. Ta ce, "Yaya, su fa mutanen nan ba sa son mai shiga tsakani. Da na sa sunanki a sama da ba su ba da ko allura ba. Matan nake taimako. Ki yi haƙuri mana, ai duk aikin Allah ne."

Aikin Allah. Da bakin da ya ci masarata.

Daga ranar na daina zuwa. Bari in faɗa muku irin matar da na zama, don shaida ba ta da amfani in an yi mata kwalliya. Na daina addu'a, sai dai in ce Allah ya saka min. In na ga yaran Saratu a hanya sun durƙusa gaishe ni, sai in kau da kai, yaran da ba su san komai ba. Na bi gida gida ina ɓata ta, abin da ta yi da wanda ba ta yi ba duk na haɗa. Abinci ya daina shiga, jinina ya hau, aka ɗora ni a kan magani. Mama Pasto ta zo har sau uku, ina jin sallamarta na yi lamo a ɗaki kamar ba kowa. Mama, ina ciki duk sau ukun, ki yafe min. Ba asarar sana'ar ce ta fi ci min rai ba. Sunana ne. A gida goma sha huɗu an san ni da ɓarauniya, kuma da ƙafata na kai wadda ta sa min sunan.

To ga yadda Ubangiji ya kama ni.

Akwai wani tsohon mai saye da bai yar da ni ba, ya ba ni rigarsa in kai bugu kawai. Na tafi Ƙofar Gayan, rumfar Malam Sule mai bugu, wanda muka daɗe muna aiki tare. Ina zuwa na ga riguna farare a ninke, an yi musu ɗinki da koren zare. Malam Sule ya ce, "Maman Bitrus, kayan mutanenki ne, na ƙungiya. Kashin farko ke nan, sauran suna hannun mata. An ce jibi za a tura Abuja." Yana faɗa yana kallon ƙasa, don ya san labarin. Sai aka kira Azahar. Ya ce, "Duba min rumfa in yi salla in dawo."

Ya bar ni ni kaɗai da rigunan.

Akwai reza a jakata, ta yanke zare. Na san inda zan taɓa ta ciki, riga ta fita lafiya, sai an sa ta sau biyu ɗinkin ya fara zazzagowa. Ba zan ɓoye muku ba, na zuge jakar. Amma da na ɗaga riga ta farko sai koren nan ya tsaya min a ido. Ya cika haske. Shekarun da na yi ina sayen zare sun koya min tsoron irin wannan hasken. Na tsinko ɗan bakin zare ta ciki, na jiƙa da yawu, na murza a farin gefen ɗankwalina.

Ɗankwalin ya yi kore shar.

Zare mai zuba ne. Saratu ba ta san zare ba, ta je kasuwa ta ga mai araha mai ƙyalli ta kwaso. Matan kuma ba su gwada ba, don shekara da shekaru duk zaren da ya shigo gidan ni na riga na gwada shi. Su kuwa masu bugu sai sun yayyafa ruwa kafin su fara. Ruwa na taɓa rigunan nan, kore zai malale a kan farar shadda, ba mai iya fitar da shi.

Na mayar da rezata na rufe jaka. Na zauna a kan benci, wani daɗi ya rufe ni wanda rabona da irinsa tun kafin korona. Ba sai na yi komai ba. Malam Sule zai dawo, ya ɗebi ruwa, ni kuma in ce masa sai an jima. Hannuna tsaf.

Na ce a raina, Yesu, ka gani dai, ni ban taɓa komai ba. Shiru kawai zan yi. Shiru ma laifi ne?

Watanni ban kira sunansa ba, sai ranar, kuma don in kafa shi shaida a kan mugunta. Ban ji wata murya ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da ya faru, rigar tana kan cinyata a juye, sai idona ya sauka a kan ɗinkin ta ciki. Na gane hannun. Na Inna ne. Ita kaɗai ke ɓoye ƙullinta yadda ko da farce ba za ka same shi ba. Kuma na ga yadda layin ya miƙe, ba kamar shekarun baya da idonta ya fara raunana ba. Tabaran nan ya yi mata aiki. Tsohuwa ta zauna wata biyu tana murna idonta ya dawo.

Sai tambaya ta zo min, ɗaya tak: in rigunan nan suka lalace, wa zai kwana da yunwa? Saratu makarantarsu ta buɗe, za ta koma aji. Ƙungiya za ta ce matan birni ba su iya aiki ba, ta naɗe tabarmarta ta yi gaba. Wanda zai faɗi Inna ce, da matar nan mai tsinkar zogale.

Na fashe da kuka a rumfar mutane, tsakar rana. Na ce, Ubangiji, ba na so. Ka ji, ba na so. Ita ta ci amanata, kuma ni zan rufa mata asiri? In kana son in yi magana sai dai ka buɗe bakin da kanka, don ni na kulle shi. Addu'ar da na yi ke nan, ba mai daɗin ji ba ce.

Malam Sule ya dawo yana gyara hula. Ya shimfiɗa riga a kan gungume, ya jawo kwanon ruwa, ya tsoma hannu. Ina kallo. Hannunsa ya fito da ruwa yana ɗiga.

Na ji bakina ya ce, "Malam, tsaya."

Na nuna masa ɗankwalina. Ya gwada da kansa, ya yi salati, ya ture kwanon da ƙafa. Ya ce, "Maman Bitrus, da kin yi shiru fa?" Na ce, "Malam, kada ka tambaye ni." Sai ya ce abin da ban so ji ba: "Sauran suna can ana ta ɗinki da shi. Ni namiji ne, ba ni da shiga. Sai ke."

Daga Ƙofar Gayan zuwa Kwarbai a ƙasa na tafi, don ina so in sami lokacin fasawa. Ban fasa ba. Na tsaya bakin tsakar gidan Inna na yi sallama. Shiru, alhali ina jin motsinsu. Na sake. Na yi ta uku.

Inna ta ce daga ciki, "Wadda ta yi sallama uku ba a amsa ba ai juyawa take yi."

Na ce, "Inna, ba zama na zo yi ba. A ba ni zaren da kuke aiki da shi da farin ƙyalle, in nuna abu ɗaya in tafi."

Ba ta ba ni ba. Ita da kanta ta tsinki zaren, ta sa a baki, ta murza a gefen mayafinta. Ta ɗaga tabarau ta duba, ta mayar ta sake dubawa. Duk matan suka ajiye allura. Wata ta ɗora hannu a ka.

Inna ta ce, "Ke kika tsaya mata."

Na ce, "Ni ce."

"Sau uku na tambaye ki."

"Haka ne, Inna."

Ta ce, "To ke yanzu wa zai tsaya miki?"

Wadda ta taɓa tsaya min, Gwaggona tana kabari. Na durƙusa a nan bakin ƙofa, sai wata maganar ta fito wadda ban shirya ta ba. Na ce, "Inna, kuɗin da aka nuna muku na Abuja ban taɓa riƙe irinsa ba, Allah shaida, a nan Zariya nake mayar da kaya. Amma ban taɓa faɗa muku nawa nake samu ba. Kuma akwai shekarun da kasuwa ta yi kyau, na ƙara wa kaina ban ƙara muku ba. Wannan na yi shi. Ku yafe min."

'Yan'uwa, watanni ina kuka an yi min ƙarya, ban taɓa tsayawa na duba ɗan gaskiyar da ke cikin ƙaryar ba. Sai a ƙofar nan Ubangiji ya nuna min.

Inna ba ta ce ta yafe ba. Ta tura min tabarma da ƙafa ta ce, "Ɗinki dai ba ki iya ba. Warwara fa?"

Na ce, "Warwara ko ni na iya."

Aka kwaso rigunan rumfar Malam Sule aka haɗa da sauran. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa, muna zare koren nan ɗaya bayan ɗaya da bakin allura don kada shadda ta huje. Inna ta hana kowa taɓa tata. Da hannunta ta warware aikin wata biyu, lokaci lokaci ta cire tabarau ta goge. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Ƙungiyar nan, in faɗi gaskiya, sun yi abin kirki. Malama Zainab ta zo da kanta, ta ga abin da ya faru, ta roƙi masu saye su ƙara lokaci, aka sake ba da kuɗin zare. Ta ce ni zan je in zaɓo. Ta kuma ba ni haƙuri, ta ce sun yarda da takarda ba su tambayi kowa ba. Rigunan sun tafi, an karɓa, an sake aiko da wani aikin. Matar Ƙofar Jatau yanzu har ɗinkin ya yi mata yawa tana ba maƙwabta.

Amma kada ku zaci labarin ya ƙare yadda ake so. Sunan da ke kan takarda bai canja ba, sun ce sai shirin ya ƙare. Ranar da aka yi taro da manyansu, ina zaune a baya, Saratu ta miƙe ta ce, "Mun gode wa Allah da muka gano matsalar zaren da wuri." Muka. Na ciji leɓena har sai da na ji gishiri. Cikin gida goma sha huɗu, huɗu ne suka dawo da ni. Sauran in na shiga za a ba ni ruwa, a tambayi Bitrus, shi ke nan. A gidajen huɗun nan kuma yanzu a gaban kowa nake faɗin abin da aka biya da abin da zan ɗauka. Inna ta koma ce min 'Yar Wusasa, amma ba kullum ba.

To ina kuɓutar, za ku ce? Ga ta. Ina cin abinci. Likita ya rage min magani. Yaran Saratu sun gaishe ni na amsa, har na tambayi ƙaramar jarrabawarta. Dutsen da na ɗauka a ƙirji duk watannin nan, a rumfar Malam Sule aka sauke min shi, kuma ba ni na sauke ba. Ni da an bar ni da halina, da ruwan nan ya zuba ina kallo, da yau ina zaune a gida ina jin daɗin banza, tsofaffi suna kuka. Yesu ne ya buɗe bakin. Ku yabi Ubangiji!

Saura abu ɗaya. Ranar Alhamis da ta wuce, ina shara, sai ga Saratu a ƙofata. Yanzu sujadar safe take zuwa, shi ya sa ba ku gan ta nan ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran kalma ɗaya. Ba ta faɗe ta ba. Ta ce, "Yaya, an sake aiko da aiki. Ki koya min gane zare."

Na dube ta sama da ƙasa. Abubuwan da suka taso min a baki, da na faɗe su da Baba Pasto bai ba ni wurin nan yau ba. Na haɗiye. Na ce, "Litinin, ƙarfe goma, ki same ni bakin kasuwa. Kuma ranar Lahadi zan ba da shaida, zan kira sunanki." Ta ce to.

Na yafe mata, ko da ba ta roƙa ba, kuma kullum da safe sai na sake yafewa don abin yana dawowa. Zan koya mata zare saboda matan nan. Amma in kai ta wani sabon gida in ce na tsaya mata, wannan kam a'a, kuma na tambayi Baba Pasto ya ce ba zunubi ba ne.

In akwai wanda ke zaune a nan an ci amanarsa, ba zan ce maka ba ciwo ba, akwai ciwo, har yanzu ina ji. Ba zan kuma ce wanda ya cuce ka zai zo ya durƙusa ba, tawa ba ta durƙusa ba. Abin da na sani, ka kai wa Yesu abin yadda yake, da fushin da komai, ko addu'ar ba ta da kyan ji. Ya ji tawa. Ku dogara gare shi.

Na gode wa Ubangiji da ya riƙe hannuna, ya kuma buɗe bakina. Gobe ne Litinin ɗin. Ku sa ni a addu'a, don ƙarfe goma zan tsaya kusa da ita a gaban mai zare, kuma kun san bakina. Cikin sunan Yesu, amin.